Huɗu, Babu Gyara

Tun da muka dawo daga Kutonu ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a majalisar bakin tasha ba. Kowa da tambayarsa: ka ga teku, da gaske ba a hango ƙarshenta, da gaske kun ɗauko ruwa a jarka tun daga can har Kankiya? Na amsa har na gaji. Amma abin da ya sa na ɗauki biro yau shi ne labarin da yayana Alhaji Bello yake bazawa a gari, wai zafi da sakacin malamin dabbobi ne suka kashe kifayen. Malamin dabbobin ni ne. Ga yadda aka yi, wanda ya ga dama ya kai masa ya karanta.

Mu 'ya'yan makiyayi ne, daga wata ruga a bayan Kaikai ta ƙasar Kusada. Mahaifinmu, da muke kira Baffa, ya riƙe garke uku a zamaninsa. Shekarar da aka turo ni aiki Kankiya na ga yadda damina ta ɗauke da wuri, na je na durƙusa gabansa na ce ya sayar da wasu, rijiya da ciyawar bana ba za su ɗauke su ba. Ya dube ni ya ce ɗan boko ya zo koya masa kiwo. Babban farin nan ya zo, shanun suka yi ta faɗuwa a gabansa ɗaya bayan ɗaya, ta ƙarshe ita ce Saye, wadda take jan gaba in za a tafi mashaya. Bai sake ta da zancen ba, ni ma ban sake ba.

Yaya Alhaji kuwa kuɗin mai suka same shi. Kwangilar kwalbati, kwangilar azuzuwan firamare, sai ga gidan siminti a Kankiya da injin wuta da fijo. Ya ɗauko Baffa ya ajiye shi a ɗaki mai fanka. Tsoho ya zauna. Salla, loma biyu, shiru. Sai ka wuni da shi bai ce maka kalma goma ba, kuma muna ganinsa yana ƙarewa.

Da idonsa ya fara yana, Yaya ya kai shi wurin wani likita a Ikko. A ɗakin jira akwai wani ƙaton akwatin gilashi cike da kifayen teku masu launi. Wai Baffa ya tashi da kansa ya je ya tsaya, ya ƙirga su da leɓe kamar yadda yake ƙirga shanu da yamma, ya nuna wata rawaya ya ce, “Waccan ita ka jan su.” Yaya ya ce rabon da ya ji muryar Baffa da rai haka tun kafin fari. Nan take ya tambayi inda ake samunsu, aka ce masa wurin wata mata a Kutonu. Ya sayi akwatin gilashi a kanti, ƙarami, tsawonsa kamu biyu, da ɗan injin da ke busa iska cikin ruwa, ya kawo gida.

Ba na zarginsa a kan wannan. Na dai ce masa ga ƙarfasa a dam, ruwanmu ne ruwanta, ba sai an ƙetare ƙasa ba.

“Ita Baffa ya ƙirga?” in ji shi. “Kai ka san dabba. Shirya mu tahi.”

Na shirya, da abu ɗaya a raina: tsohon nan ba zai sake tsayawa yana kallon abin kiwonsa yana mutuwa ba.

Muka bi ta Funtuwa da Birnin Gwari, jarkoki goma babu kowa a ciki suna ta ƙara a bayan mota. Yaya yana tuƙi yadda yake magana, ba ya jiran kowa ya gama. A gadar Jaba aka tsare mu jirgin ƙasa ya wuce, fijo ta yi zafi, ya ɗauki ruwan shanmu ya ɗura mata gaba ɗaya bai tambaye ni ba. Haka na isa Ilori maƙogwaro kamar an zuba toka. Muka sauka gidan wani dillalin shanu mutumin Rimaye, aka kawo mana baƙin tuwon doya da miya mai yauƙi da barkonon da ya sa na yi hawaye. Mai gidan ya tambayi abin da zai kai mu Kutonu. Da Yaya ya faɗa masa, sai ya ce, “Kifi na ci ko na magani?” Aka ce na kallo. Bai ƙara tambaya ba, amma da safe na ji yana ba matarsa labari suna ƙyaƙyata dariya.

Ikko kuwa ban gan ta ba, bayan wata motar siminti na gani tun hantsi har azahar. Daga nan muka ɗauki hanyar bakin ruwa, itatuwan kwakwa hagu da dama, har iyaka. A ɓangaren Faransanci wani jandarma ya juya takardata ya ga aikina, sai ya ja hannuna zuwa bayan ofis. Na ɗauka kama ni aka yi. Ashe ragonsa ne ciki ya kumbura, ya ci garin rogo ya sha ruwa. Na ɗura masa man gyaɗa na murza cikin har ya yi gyatsa. Jandarma ya sara mini, ya ɗaga mana sanda. A duk tafiyar nan, shi kaɗai ne ya ji maganata da farko.

A Kutonu muka sauka zango, gidan Malam Idi, wani ɗan Maraɗi da ya shekara ashirin a can. Da ya buɗe baki sai ka ce daga Tafashiya ya taso, Hausarsa tamu ce sak, sai dai in zai ce e sai ya ce awo. Garin mata ne ke riƙe da shi. Su ne a kasuwa, su ne a kan babur, kuma ba sa sunkuyar da kai in suna yi maka ciniki. Da rana ta take sai a rufe kantuna kowa ya tafi barci, abin da ya ba Yaya haushi ƙwarai, don a ganinsa mai kuɗi ba ya jiran mai kanti ya farka. Burodinsu dogo ne kamar sanda, a hamata ake ɗaukarsa. Abinci kuwa komai da kifi, har abin karin kumallo. Na yi kewar fura da nono kamar in yi kuka.

Da la'asar Malam Idi ya kai mu wurin matar, shi ne tafintanmu. Kowa Madam yake ce mata. Ta yi wa wani Bature aiki shekaru, da zai koma ƙasarsu ya bar mata sana'ar. Ɗaki ne mai duhu-duhu da sanyi a bayan gidanta, akwatunan gilashi jere, injinan iska suna ta gurnani. Kifayen ma ba na tekun Kutonu ba ne, a jirgin sama ake kawo mata su daga nesa. Ba mu gama gaisuwa ba ta tambayi girman akwatinmu. Yaya ya ware hannu ya nuna, ya ƙara kaɗan. Na gyara masa hannun, na ce jarka biyar yake ci.

Ta ɗaga yatsu huɗu.

“Ashirin nika so,” in ji Yaya.

Malam Idi ya faɗa mata. Ta yi magana mai tsawo, shi kuma ya juyo mana da ita. Kifi a cikin ruwan da yake sha yake kashi. A teku ba komai, ruwa ya yi yawa. A akwati kuwa babu inda ƙazantar za ta je, sai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, da ke zaune cikin yashi da duwatsu, su ke cinye ta. Iyakar abin da yashin zai iya cinyewa, iyakar kifin ke nan. In ka wuce, ruwan ya zama guba tun yana garau a ido. Ta ce da kusa muke, biyu za ta ba mu, sai bayan wata mu dawo mu ɗauki biyu.

Na san wannan karatun. Shi na yi wa Baffa a durƙushe, sai dai ni da rijiya da ciyawa na yi nawa.

Ta ci gaba, ni ina rubutawa. Abinci sau biyu a rana, ɗan abin da za su cinye nan da nan. Malam Idi ya ce, kafin ka kai ƙarshen Fatiha. In ruwa ya ragu saboda zafi, ruwan daɗi za a ƙara, don ruwa ne ke tashi, gishirin yana nan. Duk mako a kwashe kaɗan a zuba sabon haɗi, ta ba mu buhun gishirinsa da wani ɗan gilashi mai iyo da ke nuna ko gishirin ya yi daidai. Kada hannu mai sabulu ko mai ya shiga. Kuma kada a haɗa su da baƙon kifi, ko daga ina ya fito. Ta kamo mana jajaye biyu masu farar ɗamara, da shuɗi ɗaya, da rawaya ɗaya.

Yaya ya ga ba za ta motsa ba, sai ya sauko, ya yi murmushin kasuwa.

“To, mun ji. Huɗu. Gyara hwa?”

Malam Idi ya sosa ƙeya. Ya yi mata bayanin cewa a wurinmu mai sayarwa yakan ɗora ɗan ƙari a kan abin da aka saya, ko mai fura ce sai ta ƙara maka ɗan gutsure, alamar an rabu da mutunci. Madam ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce ta san al'adar, su ma suna yi a kan tumatir. Ta shiga ta kwaso tsohon yashi da duwatsu daga akwatinta, cike da bokiti, ta ce ga gyara, wannan ya fi kifi goma amfani.

A waje Yaya ya tsaya yana huci. “Ni za a ba ƙasa gyara? Tun da nike ban taɓa barin kasuwa hannu haka ba.” Na ce masa matar ta fi mu sanin abinta. Ya ce ai dama ni da ita duk karatun Nasara ya lalata mu.

Da safe na tafi da Malam Idi muka cika jarkoki a wurin Madam, ta ɗaure kowane kifi a ledarsa da iska, ta jera su cikin akwati mai rufi. Yaya ya ce zai je ya ga teku. Na ga tekun ni ma daga baya, tunda kuna tambaya: ruwa ne mai yawa da hayaniya, kuma yana wari.

A iyaka, ɓangarenmu, wani ma'aikacin kwastan ya ga jarkoki goma cike, idonsa ya yi haske. Ya ce fetur ne ko giya. Na ce ruwan teku ne. Ya kira abokan aikinsa su zo su ji ƙaryar da Bahaushe ya shirya. Ya buɗe ɗaya ya shinshina, bai gamsu ba ya kurɓa, ya furzar a kan takalminsa. Haushin haka ya sa ya ce a sauke komai. Rana tana dukan akwatin kifin ina ta roƙo a bar ni in matsar da shi inuwa. A cikin saukewar ne, daga ƙarƙashin babbar rigar Yaya da ke shimfiɗe a bayan mota, aka jawo wani bokiti mai murfi da ban san da shi ba.

Kifaye bakwai ne a ciki, masu ratsin baƙi, kowanne ya fi namu girma. Wurin masunta ya je da safen, suna jan taru. Biyar ya saya.

“Biyu gyara,” ya ce, yana kallona cikin ido. “Su sun san mutunci.”

Ban san lokacin da na fara ɗaga masa murya ba, ni da ban taɓa yi ba. Na ce ko a ruga ba a sayo sa a kasuwa a tura shi cikin garke ranar, sai an ware shi an ga lafiyarsa, shi ma ya sani. Na ce akwatin huɗu yake ɗauka. Ya bari na gama, sannan ya ce a hankali:

“Mutumin da ya yi garke uku za ka kai ma kihi huɗu? Ka je ka aje mishi huɗu a gaba, ka ce ga abin da ɗiyanka suka iya. Ni ba ni yi.”

Ga abin da ban faɗa a majalisa ba. Daga inda muke tsaye ana jin ƙugin teku, tana bayan itatuwan kwakwa, tafiyar da ba ta kai daga tasha zuwa masallacin Juma'a ba. Da na ɗauki bokitin nan na je na juye, da ya yi fushi na wata guda ya huce. Na tsaya ina tunanin shi babba ne, motarsa ce, kuma na taɓa faɗar gaskiya a gidanmu na ga abin da ta jawo mini. Na mayar da murfin da hannuna na sa bokitin a mota. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Dawowa ba mu yi wa juna magana ba sai ta dole. A duk inda muka tsaya ina canza wa na bokitin ruwa daga jarka, ruwan da aka tanada don akwati. Biyu suka mutu kafin Tegina, na jefar a daji. Tara suka isa Kankiya.

Aka kafa akwati a ɗakin Baffa, na shimfiɗa yashin Madam, na jera duwatsu, aka ta da inji. Na ce a bar na masunta a daro. Yaya ya ɗauki bokiti ya juye su ciki a gaban jama'a, don rabin unguwa ta shigo kallo. Kuma duk wanda ya shigo sai ya ce a ba su abinci ya gani, matan gida har da ɓarɓashin ƙosai, wai baƙi ne ba a bar su da yunwa ba. In na hana a ce na cika tsanani.

Baffa ya jawo buzunsa gaban gilashin. Ranar ya ci tuwo ya nemi ƙari. Ya raɗa wa rawayar suna Saye. Na fita waje don kada a ga idona.

Kwana biyu abin ya yi kyau. A na uku ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga nono. Masu ratsin suka kame duwatsu, suna korar ƙananan in an zuba abinci, shuɗin ya maƙale a lungu jelarsa a yage. A na huɗu na shigo da hantsi na tarar duka sun taru a sama suna haki, jajayen da ɗigo-ɗigon fari a jiki kamar an barbaɗa musu gishiri. Baffa yana zaune, bai juyo ba.

“Mamman, mashayar ga ba ta ɗaukar su.”

Na ce haka ne.

“Nawa mai su ta ce?”

“Huɗu, Baffa.”

“Kai ka ji da kunnenka?”

Na ce da kunnena, har na rubuta.

“Ka sani, ka yi shiru.”

Na ce, “Na taɓa faɗi, Baffa, aka ce ɗan boko ne ni.” Ban taɓa tsammanin zan iya gaya masa haka ba.

“An ƙi ji,” ya ce. “Shi ne ka bar faɗi?”

Ya ce in rage su yanzu. A nan ne na gane muguntar abin. Saniya in ta yi yawa akwai kasuwar da za a kai ta, akwai kudu da za a kora ta. Kifin teku a Kankiya ina za ka kai shi? Na kwashe masu ratsin biyar na zuba a daro da sauran ruwan jarka, babu inji, babu yashi, ina sane da abin da zai same su. Na canza rabin ruwan akwati, na hana abinci, na kulle ƙofa na sa makulli a aljihu, wanda zai yi fushi ya yi. Na daron ba su kai jibi ba. Shuɗin ya bi su, sannan ja ɗaya. Kowanne Baffa da kansa ya ce a miƙo masa, ya duba shi a tafin hannu kafin a fitar. Abin da na yi rantsuwa ba zai sake gani ba ya gani, da taimakona.

Biyu suka tsira, ja ɗaya da Saye. Ruwan ya washe bayan mako biyu. Yanzu Baffa ne ke ba su abinci, ɗan abin da ya kama tsakanin yatsu biyu, yana motsa leɓe har su cinye. Shi ke duba ɗan gilashin gishiri, ya sa a ƙara ruwan rijiya in ya ga ya ragu. Yana magana, yawanci da su, wani lokaci da ni.

Ran Juma'ar da ta wuce Yaya ya shigo bayan masallaci, ina nan. Ya tsaya ya dubi akwatin, kifi biyu a cikin ruwa mai faɗi, ya ce abin kunya ne baƙo ya shigo ya ga haka. Ya ce zai koma Kutonu ƙarshen wata ya ciko shi, wannan karon da wanda ya san aiki.

Na buɗe baki, don na riga na yi wa kaina alkawari ba zan sake yin shiru ba, ko a gaban wa. Baffa ya riga ni.

“Bello, ruwan huɗu ya ɗauka, ko?”

“Haka suka ce.”

“To biyu na ciki. Bar su su sha iska.” Ya kakkaɓe yatsunsa a kan gwiwa, ya mayar da ido kan Saye. “Kar a yi mini gyara.”